Awon Iska a Clydebank

Daren Juma'a, tara ta gota,
ruwa na zuba a Clydebank yadda ya saba,
ni kuwa ina ƙarƙashin makarantar firamare,
ɗakin tukunyar da ke ɗumama azuzuwa,
cikin tantin leda mai ƙofa uku,
takunkumi a fuska, tocila a hannu.

Sun ce sun gama.
Kwana goma sha ɗaya suna kankare bututu,
suna jiƙa asbestos, suna ɗurawa a jan buhu.
Fergus Mulhearn ya ce, "Ishbel, duba da kyau,
ko burodi ya faɗi nan, ɗauki ki ci."
Na ce, "Ba don ciki na zo ba, Fergus, don huhu ne."

Na kafa famfo huɗu a kusurwa huɗu,
kowanne da 'yar farar matata a bakinsa.
Sannan na ɗauki buroshi na bi bango,
na bi bayan bututu, na bugi leda,
don ƙurar da ta kwanta ba ta faɗin gaskiya
sai an tashe ta.
Lita ɗari huɗu da tamanin kowane famfo zai sha,
ba a yi masa gaggawa.

A bayan mota nake da madubin aikina.
Na sa matatar a gilashi, na sunkuya,
da'ira ɗari biyu zan leƙa, ɗaya bayan ɗaya,
ina neman silili wanda gashin jariri
ya zama gungume a kusa da shi.
Ƙa'ida ta ce kada a samu ko ɗaya cikakke
a iskar da za ta cika ƙaramin kofin shayi.

Ɗaya. Biyu. Can ga na uku, miƙe kamar allura.

Babana Lachlan ba a taɓa ƙirga masa ba.
A cikin jiragen da ake ƙerawa bakin kogi
yakan ce abin na sauka kamar ƙanƙara mai laushi,
samari na dunƙula shi suna jifan juna.
Innata ta kakkaɓe rigar aikinsa a bayan gida,
ni ina riƙe mata kwandon shanya.
Shekara talatin da huɗu abin ya yi shiru a ƙirjinsa,
ran da ya yi magana,
matakala bakwai ta gidanmu ta zame masa dutse.

Ashirin da shida. Na ajiye alƙalami.

Fergus ya ƙwanƙwasa gilashin mota,
ruwa na ɗiga daga hularsa.
"Litinin yara za su dawo,
shugabar makaranta ta kira ni sau biyar,
ɗan abin da ya hau ai bai taka kara ya karya ba."
Na ce, "Akwai saura a bayan bawul na hagu,
a sake gogewa, a sake zuƙewa, zan jira."
Ya zagi ruwan sama, ya zagi bawul,
bai zage ni ba. Kawunsa ma a jirgi ya yi aiki.

Uku na dare na sake kafa famfo.
Biyar da rabi na sake sunkuyawa,
wuyana ya sage, shayina ya huce.
Da'ira ɗari biyu, silili huɗu.
Na sa hannu, na rubuta lokaci,
suka fara kwance leda.

Da na fito, na bi ta dogon baranda.
Ƙugiyoyin rataye riga sun tsaya min a ƙugu,
kowace da suna a ƙasanta:
Eilidh, Tomasz, Ruaridh, Noor.
Wani ya manta safar hannu guda, ja.
Ba za su san sunana ba,
ran Litinin za su shigo da gudu, suna haki,
baki buɗe.